Dewey Pruitt da Kwanukan Jaje

Duk garin Tullis babu wanda ya kai mijin ƙanwata cika baki. Ni Nadine nake faɗa, kuma na tsufa ina gyara wa mata gashi, babu irin bakin da ban ji ba. Dewey Pruitt sunansa. Da rana buhunan abincin shanu yake loda wa mutane a mota. Ran Asabar kuma sai ya kafa hular kaboyi mai faɗin tire, ya rataya jita, shi da Darla Sizemore su yi waƙa a gidan gashin naman Cletus. Dewey da Darla ake ce musu. Darla ce mai murya, Dewey shi ne mai hula.

A rayuwarsa kaf abu ɗaya ya taɓa yi mai kyau. Lokacin da yake neman ƙanwata Earline, ya zauna a barandar babanmu ya tsara mata waƙa:

Na bi titi, na bi daji, na ɓata har na gaji,
Na hango fitilarki, ke ce hanyar gida.

Ina ɗaki ina jin sa ta taga, kuma ni da ba na ƙaunarsa sai da na share hawaye. Earline ba ta da zoben kirki, ba ta da mota, rufin gidanta yoyo yake tun haihuwar ɗansu na fari. Amma tana da waƙar nan, kuma bai taɓa rera ta a gaban kowa ba sai ita.

Wata Lahadi bayan coci, ana ruwa, muna zaune a kicin ɗin Earline muna sauraron ɗigon rufi a cikin bokiti, sai ga Dewey ya faɗo kamar an jefo shi.

"Ku zauna, ku zauna. Yau na gano abin da ya hana ni shahara."

Na ce, "Muryarka?"

"Ke dai Nadine hassada ce za ta kashe ki. Na haɗu da wani babban mutum na Nashville, birnin mawaƙa, a gidan mai. Ya san harkar waƙa ciki da waje."

"Me yake yi a Nashville ɗin?"

"Ya taɓa tuƙa motar mawaƙa. Ya ce min mutane ba waƙa suke saya ba, gulma suke saya. In mace da namiji suna waƙar soyayya, dole jama'a su yarda akwai wani abu a tsakaninsu. Saboda haka daga yau ni da Darla makirfo ɗaya za mu riƙa amfani da shi, ina kallon idonta tana kallon nawa, mu rera Hanyar Gida. Gari ya ɗauka. In an zo bikin baje kolin gunduma, mutumin zai zo da kansa ya ga taro. Daga nan sai Nashville!"

Earline ta ce, "Waƙata ce fa, Dewey."

"Taki ce mana, masoyiya. Amma wa zai bar gidansa ya zo ya ji mutum yana yi wa matarsa ta shekara ashirin waƙa? Ai kamar in tara jama'a ne su kalle ni ina wanke mota."

Earline ta tashi, ta ɗauki bokitin, ta zubar a waje, ta mayar da shi wurinsa. Sannan ta ce, "To."

Na san wannan "to" ɗin tun muna yara. Ranar da ta yi min irinsa, da safe na tarar da kwaɗo a takalmina. Shi kuwa sakaran sai ya sumbace ta a goshi, ya sa ni na rantse ba zan faɗa wa kowa ba.

Darla ta yarda da kallon ido kaɗai, da sharaɗin a fara sanar da mijinta Roscoe. Roscoe shi ne mai janwen garinmu, ƙato ne da sai ya karkace yake shiga ƙofa. Dewey ya ce mata ta bar masa wannan, tsakanin maza ne. Bai faɗa masa ba. Ya ce min wai kishin miji na gaske talla ce ta kyauta.

Asabar ta zo. Gidan Cletus ya cika da masu cin haƙarƙari. Dewey ya matso kusa da Darla, ya lumshe ido, ya sunkuya kan makirfo, bakin hular nan ya soke ta a ido. Ta yi waƙar tun daga farko har ƙarshe ido ɗaya ja wur, hawaye na zuba. Mutane suka ajiye ƙashi suka saki baki.

"Kun ga kuka take?"

"Shi kuma dubi yadda ya manne mata!"

"Wayyo Earline, baiwar Allah."

Suna sauka Darla ta ce masa, "Ka ƙara kawo hular nan kusa da fuskata, sai na cusa maka ita a baki."

Ya ce, "Haka nake so! Ki riƙe wannan zafin, shi ne soyayya."

Ran Litinin mata uku suka shigo shagona ba tare da gashinsu na buƙatar komai ba. Zuwa Laraba maganar ta kai gidan rediyon garin, shirin safe da ake sanar da mutuwa da ɓatan shanu. Mai shirin ya sa waƙar, wadda wani ya naɗa a gidan Cletus, waya ta ɗauki ruri. Wannan ya ce a cire, wancan ya ce yaransa na ji, wata tsohuwa ta ce ita ta yi renon Dewey kuma yau ta yi nadamar duk madarar da ta ba shi. Dewey yana tsaye a shagon abincin shanu da rediyo a kunne yana tsalle.

"Kun ji? Sunana kawai ake kira! Ko gwamna bai samu kira haka ba."

Sai ya ga abin bai yi masa sauri ba. Da ya ji Roscoe ya tafi janyo wata tirela a wani gari, ya je ya ajiye a-kori-kurarsa a ƙofar gidan Darla, ya dawo gida a ƙafa don maƙwabta su wayi gari su ganta. Ai kuwa sun gani. Roscoe ma ya gani, don ya dawo da wuri. Ya maƙala ƙugiya a gaban motar, ya ɗaga hancinta sama, ya zagaya da ita gari a hankali, ta gaban banki, ta gaban coci, ta gaban shagona. Daga nan ya kai ta kududdufin da shanun Cletus ke shan ruwa ya sake ta.

Na ce, "Dewey, motarka na iyo."

Fuskarsa ta yi fari, amma bakin bai mutu ba. "Kin san nawa ake biya a zagaya da sunan mutum gari? Roscoe ya yi min kyauta bai sani ba."

A ranar kwanon farko ya iso. Mis Opal, shugabar matan cocinmu, ta ƙwanƙwasa ƙofar Earline riƙe da kwano mai murfi, kaza da makaroni da cuku, da zafinsa. Kowa ya san ba a kai wa mutum irin wannan kwanon sai an yi masa rasuwa ko wata masifa ta faɗa masa.

Earline ta ce, "Mis Opal, ba wanda ya mutu fa."

"Mun sani, 'yata. Da mutuwa ya yi ai da sauƙi, ko ba komai a binne shi a huta. Allah sarki. Ki ci, kar ki rame saboda shi."

Kafin mako ya zagayo firjin Earline ya ƙi rufuwa. Wake da nama, dankali da cuku, gurasar masara, kek ɗin ayaba. Kowane kwano da sunan mai shi manne a gindinsa, yadda aka saba. Ran Lahadi aka karanta sunanta cikin waɗanda za a yi wa addu'a, tsakanin mai ciwon ƙoda da wanda tarakta ta taka. Fasto ya yi wa'azi a kan masu leƙen matan maƙwabta, idonsa kur a kan Dewey. Shi kuwa yana layin gaba yana gyaɗa kai, har da "Amin" mai ƙarfi. Da aka fito ya ce min, "Kin ga har Fasto ya shiga tallar."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, shi yake cinye abincin. Ya dawo daga aiki ya zauna ya buɗe kwanon jajen cin amanar da shi ya yi, ya tashi da shi tas, har yana cewa Mis Opal ta cika gishiri. Cikinsa ya fara rigima da maɓallan riga.

Ran nan yana cikin kwano na biyu Earline ta zauna gabansa.

"Dewey, na yi tunani. In mutane suka ga kana kwana a gidan nan, ai labarin ya mutu."

Cokali ya tsaya a iska. "Kai! Kin ga abin da ban hango ba."

"Akwai ɗan ɗakin nan na bayan shagonku. Ka koma can har bikin ya wuce. In ka ji yunwa Nadine za ta miƙo maka kwano ta baya."

"Shi ya sa nake son ki, Earline. Kin fara fahimtar harkar waƙa."

Da hannunsa ya haɗa kayansa, ya fita ta ƙofar gaba tsakar rana don kowa ya gani, yana tafe yana waige irin na fim. Ya koma kwana a kan buhuna tare da ɓeraye.

To, mace in mijinta ya gudu, bayan kwanuka sai mazan coci su biyo da guduma. Wani ya yanke mata ciyawa, wani ya gyara famfo. Mista Alvin Tate kuwa, kafinta ne da ya yi ritaya, matarsa ta rasu da jimawa, mutum mai tsabta da sanyin magana. Ya zo ya hau rufin nan da Dewey ya shekara ashirin yana cewa gobe, ya gama shi kafin la'asar. Kashegari ya dawo don matakalar baranda. Bayan matakala sai taga. Da ya rasa abin gyarawa sai ya zauna a kujerar lilon Dewey, Earline ta kawo masa shayi mai ƙanƙara.

Dewey ya wuce a kan keken da ya ara ya hango su. Ya shigo shagona yana haki, mata na zaune da kawuna cikin na'urar busar da gashi.

Ya ja ni gefe. "Me tsohon nan yake yi a kujerata?"

"Lilo."

"Na ga tana dariya."

"Ai talla ce, Dewey. Kishin miji na gaske, ba kai ka ce kyauta ne ba?"

"Earline ba za ta kalli wannan ba. Ko jita bai iya riƙewa ba."

"Ya iya riƙe guduma."

Wata daga cikin matan ta leƙo daga ƙarƙashin na'ura ta ce, "Nadine, ki kori wannan abin daga nan ko in tashi da rabin kai."

Ranar baje koli ta zo. Dandalin waƙa, kamar kowace shekara, bayan tirelar ɗaukar ciyawa ne da aka ja aka ajiye kusa da filin gasar shanu. Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Dewey ya leƙo ya ga mutane har kan shinge, ya ce wa Darla, "Kin gani? Na faɗa miki!" Bai lura ba ko mutum ɗaya ba ya murmushi. Matan coci sun cika layin gaba sun harɗe hannuwa, Mis Opal a tsakiya da jakarta a cinya.

Babban mutumin Nashville ma ya zo, ba ƙarya. Na gan shi da idona a bakin ƙofa yana sayar da gasasshiyar masara.

Dewey ya matse cikin farin wandon da aka ɗinka masa tun kafin kwanuka. Shirinsa shi ne in sun kai baitin ƙarshe ya durƙusa gaban Darla. Ita ba ta sani ba. Suka fara. Baiti na farko ya wuce shiru kamar ana jana'iza. Suna shiga na biyu sai taron ya dare, kawuna suka juya. Ga Earline ta shigo cikin shuɗiyar riga, gashin nan na gyara mata shi da kaina, Mista Alvin a gefenta riƙe da lema yana kare mata rana.

Jitar Dewey ta yi wata ƙara kamar an taka kyanwa. Ya daina waƙa. Ya fizge makirfo daga gaban Darla.

"Jama'a, ku tsaya! Ƙarya ne! Duk ƙarya ne, ni na shirya! Babu komai tsakanina da Darla, ko son ganina ba ta yi!"

Darla ta sunkuyo ta ce, "Wannan kam gaskiya ne." Ta tattare siket ta sauka daga tirelar.

Mis Opal ta miƙe. "Makaryaci! Mun ga motarka a ƙofarta!"

"Ni na ajiye ta, a ƙafa na koma gida!"

"Mun ga tana kuka!"

"Hulata ce ta tsone mata ido!"

"Ka bar gidanka da akwati, da rana tsaka!"

"Earline ce ta ce in tafi! Earline, faɗa musu! Nadine, ke kina wurin!"

Duk aka juyo gare ni. Na ce, "Ni an sa ni rantsuwa ba zan faɗa wa kowa ba."

Ya dubi Earline. Ta karɓi lemar daga hannun Mista Alvin ta gyara riƙo. A nan na ga tsoro na gaske a fuskar Dewey Pruitt, karo na farko tun da na san shi. Ya zube gwiwa biyu a bakin tirelar yana fuskantar ta, sai ji muka yi ɓaaarr! Farin wando ya rabu gida biyu tun daga bel har ƙasa, a cikin lasifika, har masu gasar shanu sai da suka waiwayo. Bai tashi ba. Ya ja jita ya fara waƙar shi kaɗai.

Jama'a, ashe duk shekarun nan Darla ce ke rufa masa asiri. Murya ta fito tsirara, tana hawa inda ya kamata ta sauka. Wani jariri ya fashe da kuka. Wani bajimi a filin gasa ya amsa masa. Shi kuwa ido rufe, hawaye shaɓe-shaɓe, yana ta "na ɓata har na gaji".

Yana kai wa "na hango fitilarki" sai dandalin ya motsa. Roscoe ne. Tun ana baiti na farko ya lallaɓo da janwe ta baya ya maƙala ƙugiya. Darla ta riga ta faɗa masa gaskiya tun ranar kududdufi, amma ya ce shi bai gama ba. Ya ja tirelar a hankali, wayar makirfo ta miƙe ta tsinke, ga Dewey durƙushe a sama, hannu ɗaya riƙe da jita ɗaya riƙe da bayan wando, ana zagayawa da shi filin shanu. Alƙalin gasa, wani tsoho mai barkwanci, ya bi shi da gudu ya maƙala masa ƙyallen da ake ba saniyar da ta zo ta uku. Taron da ya zo jifa ya ɓarke da dariya, har Mis Opal sai da aka riƙe ta.

Earline kaɗai ba ta yi dariya ba.

Kashegari da hantsi ya zo gida a ƙafa, ba hula. Ina baranda ina shan kofi, don ba zan bari wannan ya wuce ni ba. Ya tsaya a ƙasan sabuwar matakala kamar mai tallar da ba a kira ba.

"Earline, in shigo?"

Ta buɗe ƙofa ta nuna masa teburin kicin. Kwanuka ne jibge har sun kusa taɓa fitila, ko ɗaya ba a wanke ba.

"Kai ka cinye, kai za ka wanke. Kowanne da sunan mai shi a gindi. Ka kai wa kowace nata har ƙofa, a ƙafa, ka faɗa mata da bakinka abin da ka yi. Ka fara da Mis Opal."

"Za ta kashe ni."

"In ta kashe ka a kawo min wasu kwanukan."

Ya ce, "Shi kuma Alvin fa?"

"Mista Alvin zai zo ran Alhamis. Ƙofar baya ba ta rufuwa."

"Ni zan gyara ta! Yau ɗin nan!"

"Ka shekara ashirin kana gyara ta."

Ya shiga ya naɗe hannun riga. Har ya kunna famfo sai ya juyo, murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ban san yana da ita ba.

"In na gama mayar da su duka, shi ke nan na dawo?"

Earline ta kalle shi. Idonta ya cika, kuma wallahi nawa ma ya cika.

"Saura ɗaya. Abu ɗaya tak ka taɓa ba ni, Dewey, ka zo ka ɗauka ba ka tambaye ni ba, ka kai kasuwa kowa ya sa hannu. Ita ma ka wanke ta ka dawo min da ita. Ban san yadda za ka yi ba, wannan matsalarka ce."

Kwanuka dai ya gama mayar da su kafin kaka ta shigo, kuma ya rame a hanya. Darla yanzu ita kaɗai take waƙa a gidan Cletus, an fi cika. Shi kuwa kullum in rana ta yi sanyi yana zaune a matakalar baranda da jita, ba hula, ba taro, yana rera Hanyar Gida da muryar nan tasa, karnukan unguwa na taya shi. Earline tana ciki tana harkokinta, ba ta ce ta karɓa ba tukuna. Amma na lura tagar kicin a buɗe take barin ta, ko da ana sanyi.